Allurar Isufu Tela

Shekara uku bayan Nasara sun sauke tutarsu, Sumana ya rasu a Kwatano, zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi. Abin da ya iso Gaya daga wajensa bai wuce ƙunshi ɗaya ba: riga biyu, carbi, da baƙin faifan garmaho guda. Cha'ibu shofer, direban babbar mota, abokinsa tun na ƙuruciya, shi ya miƙa wa matarsa Jummai.

Sumana ɗan dako ne a bakin teku, amma idan ya rungumi gurmi sai ka manta da haka. Ba ya yi wa sarki waƙa, ba ya zuwa biki. Waƙarsa ta mai zaman ɗakin haya ce, a birnin da babu wanda ya san sunan ubansa. Wani mai kanti ɗan Dahome, wanda faya-fayen baƙaƙen Amurka masu kukan zaman birni suka shiga ransa, ya ji shi ya ce ai jininsu ɗaya. A bayan kantinsa ya ɗauki muryar, aka buga faifai ɗari biyu masu tambarin jan kwalekwale. Kamfanin ke nan gaba ɗaya, mutum ɗaya da na'ura ɗaya, kuma bai cika shekara biyu ba ya rufe.

"Ki riƙe faifan nan da kyau," in ji Cha'ibu. "Na zaga Kwatano kaf, ban samu na biyu ba."

Jummai ta yi takabarta da faifan a ƙasan zannuwa, ba ta san me ke cikinsa ba. Ranar da ta fita, sai ga ƙanen mijinta, Isufu tela, da tsohon garmaho a ka. A Malanbil ya samo shi, tsallaken gada. Gwangwanin alluran garmahon wayam, amma Isufu irin mutanen nan ne da ba a taɓa kama su da "ban sani ba".

"Matar yaya, allura ai allura ce," ya ce. Ya zaro ta keken ɗinkinsa, ya gutsure ta, ya wasa a dutse, ya ɗaura.

Faifan ya fara juyawa. Kafin gurmi, kafin komai, Sumana ya yi gyaran murya, ɗan tarin nan da yake yi a zaure don ta san ya dawo. Jummai ta zauna daɓas a ƙasa. Sannan ya rera waƙar jirgin ƙasan da ke tashi daga Kwatano zuwa Faraku, hanyar gida: "Jirgin Faraku ya tashi ya bar ni, wa zai gaya wa Jummai ina nan?" Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka kawo labarin. Kewarsa ta kama ta, amma ta ji daɗi, don gidan ya daina zama kango.

Daga nan kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, Isufu ya zo ya murɗa hannun garmaho. Shofofin kamiyo, manyan motocin kaya, masu jiran duwan, wato kwastan, su kan tsaya a bayan danga suna saurare. In an gama, Jummai ta ga wata baƙar ƙura a kan faifan, ta sa bakin mayafinta ta goge tas, tana mitar datti. Muryar ta riƙa dusashewa kaɗan-kaɗan, Isufu ya ce sanyin damina ne.

Da kaka Cha'ibu ya dawo, ya zauna ya saurara. Bai kai rabi ba ya miƙe ya ɗage hannun garmahon mai riƙe da allura, ya duba bakinsa.

"Isufu, wannan me ye?"

"Allura mana."

"Ta ɗinki? Kai, Allah ya shirye ka. Wannan ai noma take yi a kansa. Baƙar ƙurar nan da kuke gogewa, muryar yayanka ce."

Jummai ta dubi bakin mayafinta.

Cha'ibu ya kawo allurai na gaske daga Faraku, gwangwani cike, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Faifan ba ya ba da komai sai shuuu, kamar ana suyar ƙosai a gidan maƙwabta. Kunya ta hana Isufu sake zuwa, ya bar mata garmahon.

Wata ranar kasuwa tana wucewa ta tasha, ta ji wani shofer da ba ta sani ba yana wanke kamiyonsa yana rera jirgin Faraku. Kalmomin daidai, karin daidai, sai dai ya sa sunan wata mace a inda nata yake.

"Malam, waƙar wa ce wannan?" ta tambaye shi.

"Ba ta da mai ita, Inna. Ta 'yan hanya ce, daga nan har Dosso kowa na yin ta."

Ta tsaya har ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa daga farko. Waƙar dai ta tsira, shofofi sun kwashe ta. Gyaran muryar nan ne babu wanda ya ɗauka. Ta koma gida ta murɗa garmahon da hannunta, ta kasa kunne daidai farkon faifan, inda tarin yake a da.