Hoton Bakin Rijiya

Auta ta fi wata guda tana shirin tafiyar nan. A ofis, maimakon aikin da aka ɗauke ta, ta zauna ta tsara wurare biyar da duk mai zuwa hamada yake ɗaukar hoto: jan tudun yashi, dutsen da iska ta huda masa ƙofa, kurmin dabino, faƙon gishiri, sai tudun faɗuwar rana. Kowane wuri da rigarsa, kowace riga da mayafinta. Asabar da Lahadi ne kacal, amma in ka ga akwatinta sai ka rantse ƙaura za ta yi.

Baba kuwa, da ta ce ya raka ta, ƙaramar jaka ya ɗauko da tsohuwar hularsa. Shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota a wannan hanyar kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Buƙatarsa ɗaya ce, tun a ƙofar gida ya faɗa.

"Auta, akwai wata rijiya kafin dutsen nan naki. Ki ɗauke ni hoto a bakinta in kai wa Makaniki."

Makaniki amininsa ne, tare suka ci zamanin hanya. A bakin rijiyar motarsu ta taɓa mutuwa, suka kwana tara, ruwanta ne ya riƙe ransu har Makaniki ya tayar da injin. Yanzu shekara biyu ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ko tsakar gida sai an tura shi.

"Wannan ai mai sauƙi ne, Baba," in ji Auta, idonta a kan waya.

Da suka isa rijiyar sai ta yatsine fuska. Zagayen siminti ne duk ya tsattsage, ga tsofaffin tayoyi, ga gugan roba, ga kashin awaki ko'ina. Baba ya sauko daga motar da suka yi haya, ya ja guga ya sha, ya wanke fuska. Ya durƙusa yana shafa simintin har ya gano layi biyu da shi da Makaniki suka karta da sifanar gyaran mota a wancan lokacin. Ya gyara hula, ya ɗora yatsa a kai, ya kalli 'yarsa yana murmushi. Ta danna sau uku ba tare da ta duba ba, ta ce su yi sauri rana tana yin sama.

Daga nan Baba ya koma mai ɗaukar hoto. "Baba, matsa baya." "Baba, inuwarka ta shiga." "Baba, kar ka taka nan, sawunka zai ɓata yashin." Mutumin da gwiwa ke damu ya dinga zagaye tudu yana haki, don kawai yashin ya fito sumul a bayan rigarta. Wani lokacin ma dariya yake yi, yana cewa shi da ya san hamada da ƙishirwa, yau ga shi ya ga ana yi mata kwalliya.

Ranar Lahadi da yamma, a tudu na ƙarshe, rana ta yi ja tana shirin nutsewa, sai wayar ta ce ta cika. Auta ta fizge ta daga hannun Baba, ta shiga zaɓar hotunan da ba su yi kyau ba tana gogewa. Wayar ta ce har yanzu babu wuri, ta shiga kwandon shararta ta zazzage shi tas. Kuma kada wani ya wanke ta: ta ga hular Baba a cikin hotunan da ta goge. Ta ce a ranta ai guda uku ne, ɗaya zai rage, ta ruga ta tsaya inda hasken yake.

Litinin a ofis ta duba hotunan rijiyar, babu ko ɗaya. Ta bi hotuna ɗari uku da wani abu, ta sake bi. Ta kai wa mai gyaran waya, ya jujjuya, ya girgiza kai. Ta dawo gida ta zuba wa Baba shayi, ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Talata ma haka.

Laraba da la'asar ta tarar da shi a falo, ya sa rigarsa mai guga, har da turare.

"Ɗauko wayar, mu je."

Ɗakin Makaniki ƙarami ne. Gado a jikin taga, rediyo a kan matashi, kwalaben magani a kan kujera, keken guragu a bayan ƙofa. Da ya gan su ya yunƙura da hannunsa mai lafiya.

"Direba, kun dawo? Ina rijiyar tamu?"

"Nuna masa, Auta."

Ta zauna a gefen gadon tana jan hotuna da yatsa. Ita a kan tudu, ita a ƙofar dutse, ita a cikin dabino, ita, ita. Baba yana tsaye a kanta yana kallo, har suka kai ƙarshe ta koma farko. Ta ji lokacin da ya gane, don ya daina cewa "gaba kaɗan".

"Tsaya nan," in ji Makaniki. A ƙasan wani hoto akwai doguwar inuwa a kan yashi. "Wannan kai ne. Ko a lahira na ga karkatacciyar kafaɗar nan zan gane ta." Ya yi dariya har da tari. "To rijiyar fa?"

Baba ya gyara murya. "Ba mu same ta ba. Yashi ya binne ta."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Makaniki. Ya mayar da kai kan matashi, ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. "Ta tafi ke nan," ya ce a hankali. "To, saura mu." Sai ya lalubo hannun Auta ya riƙe. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. 'Ya'yan yanzu wa zai ɗauki tsoho ya kai shi?"

Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Albarkar nan ta fi mata mari zafi.

"Kawu, rijiyar tana nan." Ta ɗago kai ta dube shi. "Na ɗauki Baba a bakinta. Ni na goge, don in samu wurin nawa hotunan."

Makaniki bai saki hannunta ba, amma ba ita ya kalla ba.

"Direba, da ruwa a ciki?"

"Da ruwa. Na sha."

"Layukanmu?"

"Suna nan, duka biyun. Naka ya fi zurfi."

"Ai ni na riƙe sifanar." Ya lumshe ido. "Da na so in gani, amma tunda ka sha, shi ke nan."

A mota, Auta na tuƙi, sun wuce shatale-tale biyu sai Baba ya juyo ya dube ta.

"Na rufa miki asiri, kin je kin tona."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Ni ai na je." Ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya juya yana kallon shaguna ta taga. "Kalli gabanki, danja ta ba mu hannu."