Ƙwallon Tsamiya a Aljihun Dama

Tun Tukta tana shekara takwas babanta ke goya mata jakar sandunan golf. Bai yi karatu ba, saboda haka da ƙwallayen tsamiya yake lissafi. Duk bugu ɗaya, sai ya ɗauki ƙwallo daga aljihun hagu ya jefa a na dama. In an gama rami ya ƙirga ya faɗa mata. Ita dai nata bugu ne kawai.

Wata uku kafin gasar ƙarshe ta shekararta ta farko a cikin ƙwararru, ya faɗi a bakin famfo, bai tashi ba.

Gasar a garin Hua Hin na ƙasar Thailand aka yi ta, kuma a nan za a san wadda za ta riƙe katin izinin wasan baɗi. Wadda ta rasa sai ta koma gida ta jira shekara guda. Mamanta, Bualoi, mai dakan gwanda da barkono a kasuwar Khon Kaen, ta ce ita za ta goya jakar. Ta sa rigar marigayin, har gwiwa ta kai mata.

"Mama, ko sunan sanda ɗaya ba ki sani ba."

"Ubanki da ya fara ya sani ne? Ke dai ki nuna da baki, in miƙo."

A ranar ƙarshe aka haɗa Tukta da Samon, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana wasan. A ƙa'ida kowa abokiyar wasanta ke rubuta wa bugu, sai an gama a duba a sa hannu. Samon ba ta da mugunta, surutu ne da ita.

"Ƙanwata, wannan mai jakar taki a ina kika samo ta? Tana riƙe sanda kamar taɓarya."

"Da taɓaryar aka raini ƙanwar taki ai," in ji Bualoi. Har Tukta sai da ta yi dariya.

A rami na goma sha takwas, na ƙarshe, ƙwallon golf ɗin Tukta ya faɗa yashi. Tana shiga ta waiwaya don ta ji abin da babanta zai ce, sai ta ga rigarsa da wata fuskar a ciki. Daga nan ba ta ƙara sanin abin da take yi ba. Ta dai ji ƙwallo ya shiga rami, ta ji tafi kaɗan.

A rumfar sa hannu Samon ta turo mata kati. Shida ta rubuta a ramin ƙarshe. A golf ƙarancin bugu ake nema, kuma allo na waje ya nuna biyar ne zai tsallakar da ita, shida kuwa gida.

Tukta ta shiga ƙirga a zuci. Bugun farko, na biyu ya shiga yashi. Sau ɗaya ta fita daga yashin ko sau biyu? Ta tuna yashi a bakinta, ta tuna rigar. Jikinta na ce mata biyar. To amma ta yaya yarinyar bana za ta dubi Samon a gaban alƙalai ta ce Yaya kin yi kuskure?

"Yaya Samon, wannan na ƙarshen..."

"Shida na gani, ko ba haka ba? Kin san kaina da zafin rana. In biyar ne faɗi, a gyara."

Tukta ta leƙa waje ta kira mamanta.

Bualoi ta shigo tana haɗa tafin hannu tana gaida kowa, har da mai ba da ruwa. Alƙalai maza uku masu farar riga suka zuba mata ido. Ta juye aljihun dama a kan tebur. Alƙali ya ƙirga da bakin biro. Shida.

Tukta ta sa hannu. Ta gode wa Samon, ta sunkuyar da kai yadda ya kamata.

Sai da suka wuce gonakin abarba a tsohuwar a-kori-kurar baban Tukta, shinkafa mai danƙo a tsakaninsu ba wanda ya taɓa, Bualoi ta ce a tsaya.

"Akwai ɗaya da na tarar a aljihun nan ranar da na wanke rigar. Nasa ne. Ban iya cire shi ba. Duk yinin nan in na ƙirga ina barin sa a ciki."

"A rumfa fa?"

"Duka na juye."

Tukta ta kashe motar. Ta san ƙa'idar tun tana ƙarama: wadda ta sa hannu a kan bugu fiye da nata, shi ke nan ya zauna. Ko sun koma ba abin da za a gyara.

"To biyar ke nan," ta ce. "Ko kuwa? Mama, kin tabbata kin jefa na yashin?"

Bualoi ta fito da ƙwallayen shida ta baza a tafin hannu tana juya su da yatsa.

"Yanzu ma ban san wanne ne nasa ba," ta ce.