Talatar Malam Barau

Ni Baturiya, ni ke kula da manyan kwamfutocin ƙungiyar manomanmu, waɗanda muke kira saba: ɗaya a Mafara, ɗaya a Bakura, ɗaya a Maradun. Akwai manhajar da ke sa musu ido. Da zarar ɗaya ta mutu, sai wayata ta hau kuka duk minti biyar.

Matsalata Malam Barau na ofishin Bakura. Kowace Talata sai ya kashe saba, ya lulluɓe ta da zane, ya taho kasuwar Mafara sayar da albasa. Wai inji ma yana son hutu. Na yi magana har na gaji.

Oga Stanley, shugabanmu a wurin aiki, ya ce, "Hajiya, ki kashe gargaɗin gaba ɗaya mana, kowa ya huta."

Na ce a'a, Oga. Na shiga manhajar na rufe bakin ta Bakura kaɗai, ranar Talata kaɗai, daga hantsi zuwa la'asar.

Talatar da ta biyo baya ita ce ranar rufe rajistar takin zamani a Maradun. Wakilanmu na ƙauyuka suna turo sunaye ta waya, duk wanda bai shiga saba ba kafin la'asar ya rasa takin bana.

Ina kasuwa, waya shiru, har na manta akwai ta. Kai, na ji daɗi! Ashe sabis ne ya ɗauke; ina cikin zaɓen tattasai ya dawo, sai ta ɗau kuka. Na duba: Maradun.

Na kira Tukur, mai kula da ofishin can. Sai na ji waya tana ringin a bayana. Na waiga, ga shi zaune kan buhun albasar Malam Barau, yana shan rake.

"Tukur! Wa ya kashe saba?"

Malam Barau ya gyara hula. "Ni na ba shi shawara, 'yata. Na ji an ce kin hana wayarki kuka ranar Talata, na ce ashe hutun ya halatta."

Wallahi haushi ya kama ni, dariya kuma ta ƙi bari. Na sa Tukur ya kira maigadinsu, Ɗanasabe, na yi ta kwatance har ya yaye zanen ya danna maɓallin.

Sunaye ɗari biyu da sha huɗu suka shige kafin kiran la'asar. Na nuna wa Tukur na ƙarshe a jerin. Ya karanta, ya ajiye raken a hankali. Sunan mahaifiyarsa ne.