Garin Kawu Garuba Ya Samu Ruwa

Sati uku ke nan Kawu Garuba yana zaune a tsakar gida, ko in ce abin da ya rage na tsakar gidan, da tsohuwar kwamfuta a kan tebur, yana zagin mutanen da ko rai ba su da shi. Ɗansa Saddique ne ya kawo masa ita daga wani shagon gwanjo a unguwar Adabraka, don ya riƙa sauraron wa'azi tunda ya bar tuƙin tasi. Wa'azin bai kwana biyu ba dattijon ya tono wani tsohon wasa a cikinta, wanda ake ba mutum fili fetal a ce shi ne magajin gari. Ka shata koren fili na gidaje, shuɗi na shaguna, rawaya na masana'antu, sai ka zuba ido jama'a su zo su gina da kansu. Na Kawu kuwa ko akuya ba ta leƙo ba.

Ruhaina, 'yar ƙanwarsa, ba ta da lokacin wannan shirme, abin da ke cin ranta daban ne. Gidan nasu na gado ne a unguwar Maamobi, kuma a zamanin kakanta banɗaki uku gare shi. Kawu ya mai da na farko ɗaki ya sa ɗan haya. Na biyu ya zama shagon tela. Haka ake yi a unguwar, duk wanda ya zama babba a gida sai ya dubi masai ya hango gado da katifa a ciki. Saura ɗaya tak a ƙuryar baya, shi ma an riga an gama magana da Mas'udu birkila zai zo ranar Asabar ya fasa, domin Saddique zai kawo amarya bayan Sallah kuma babu inda za a sa ta.

Ita Ruhaina ta daɗe da barin wannan ɗayan ga tsofaffin gida. Kullum da safe takan ɗauki buta ta bi layi a masai na unguwa da ke bakin babbar kwata, ta toshe hanci da gefen mayafi, tana tsallake baƙaƙen ledojin da kowa ya san abin da ke ƙunshe cikinsu. Ƙudaje su tashi daga can su sauka a fuskar mutum ba ko sallama. Ta kai shekara biyar tana wannan, har yau ba ta iya shan koko sai ta yi awa guda da dawowa. Amma uwarta Husseina fa? Shekara biyu da ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Daga ƙofar ɗakinta da ke yammacin gidan zuwa banɗakin nan taku goma sha huɗu ne, da sanda da dafa bango take yin su, kuma su ne kaɗai tafiyar da ta rage mata ba tare da an riƙe ta ba. Ruhaina ta roƙi Kawu, ta yi kuka, ta turo masa limami. Amsarsa ɗaya ce, wai kowa a Maamobi haka yake yi kuma ba wanda ya mutu.

Ranar Alhamis da la'asar ta dawo daga shagon ɗab'i inda take aiki, ya kira ta tun ba ta ajiye jaka ba.

"Ruhaina, zo duba mini mutanen nan. Na ba su fili kyauta, ba su zo ba kwaraa, ko mutum ɗaya. Wane irin girman kai ne wannan?"

Ta so ta wuce, amma kawu kawu ne. Ta sunkuya ta duba. Maamobi ce ya zana sak! Koren fili manne da koren fili tun daga wannan gefe har wancan, babu titi a tsakani, sai wani siririn tsagi da ya bari nan da can. Masana'antu ya cusa su a bayan gidaje. Ta danna ta duba ƙarƙashin ƙasa, babu bututu ko ɗaya.

"Kawu, ina titi?"

"Ga lungu nan na bar musu. Mutum ba ya wucewa ta lungu?"

"To ina famfon ruwan da wasan ya ba ka tun farko?"

"Na rushe shi. Wurin ya isa gida huɗu, cale. Su je su ɗebo a kogi, ga kogi nan kusa."

Ya faɗa ne hankalinsa kwance, har da ce mata cale, wato aboki, yana sosa gemu. Ruhaina ta dube shi, ta dubi ƙuryar baya inda aka riga aka jibge bulo da buhunan siminti. Can sai wata dabara ta faɗo mata. Ta jawo kujera ta zauna.

Ta fara rusa masa koren fili layi-layi tana shimfiɗa titi, yana ta "Kai! Kai! Kina ɓarna!" Ta kwashe masana'antun ta kai su hayin kogi. Ta ja wayar wuta. Sannan ta zaɓi wuri mai kyau a tsakiyar unguwar, inda ya fi ƙauna, ta share gida huɗu ta dasa famfo da tankin ruwa, ta ja bututu a ƙarƙashin kowane layi.

"Kawu, su waɗannan mutanen ba sa zama inda ba ruwa," ta ce a hankali, tana danna kowace kalma. "Ko fili nawa ka ba su. In gida ba inda mutum zai kama ruwa, a wurinsu ba gida ba ne."

Ta saki lokacin wasan ya ci gaba da tafiya. Ba a yi minti guda ba wani ɗan ƙaramin gida mai jan rufi ya ɓullo a gefen titi, sai wani, sai layin gaba ɗaya ya kama. Motoci ƙanana suka fara yawo. Kawu ya miƙe tsaye, zanin da ya yafa ya zame, yana tafi yana kiran mutanen gida su zo su gani.

"Allahu akbar! Ashe ruwa ne! Wallahi yarinyar nan kin yi kai sosai paa. Ruwa ne gaba da komai!"

Ruhaina ta kwana da wannan magana a ranta kamar an ba ta kyauta. Ranar Juma'a kafin ta fita ta gan shi da kansa yana rusa gidaje yana ƙara tankuna, har yana yi wa tela bayani cewa shugaba na gari shi ne mai tausayin talakawansa. Ta shiga ta gaya wa uwarta cewa in Allah ya yarda Kawu ya gane. Husseina ta yi murmushi da ɓarin bakin da ke motsi, ita da ta san yayanta shekara sittin.

Ranar Asabar hantsi bai gama ɗagawa ba Mas'udu ya yi sallama da guduma a kafaɗa. Ruhaina ta fito da gudu, ta tarar da Kawu a teburinsa yana nuna masa ƙuryar baya da haɓa, idonsa na kan kwamfuta.

"Kawu! Ba kai ka ce ruwa ne gaba da komai ba? Mama fa? Ina za ta je?"

Ya ɗago da mamaki na gaskiya, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ashe ko sau ɗaya bai haɗa abu biyun nan a kansa ba.

"Ah, Ruhaina, wancan ai wasa ne. Su mutanen ciki 'yan gayu ne, in ba ka yi musu ba, sai su kwashe kaya su tafi. Namu mutanen suna da haƙuri. Husseina ina za ta tafi? A sayo mata bokiti mai murfi, shi ke nan."

Guduma ta sauka a bango. Da ƙyar aka yi bugu biyar murfin ramin ya tsage, wari ya cika gidan har tela ya fito yana tofar da yawu. Kyankyasai suka watsu ta ƙarƙashin ƙafafun mutane. Kawu ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana jan bututu zuwa wata sabuwar unguwa.

Da azahar Ruhaina ta je kasuwar Nima ta sayo bokitin, shuɗi mai farin murfi. Da ta shigo da shi ɗaki, uwarta ta kalle shi, sannan ta jingine sandarta a bayan ƙofa ta juya fuska bango. Ruhaina ba ta taɓa jin ƙyamar gidan da aka haife ta a ciki ba irin ta wannan rana.

Washegari da safe ta fito daga ɗakin riƙe da bokitin nesa da jikinta, za ta kai shi bakin kwata. Kawu na nan a wurinsa da kofin koko da ƙosai a takarda.

"Yawwa, Ruhaina! Zo ki gani, mutanen gabashin garina suna kuka ruwa bai kai musu ba. Abin tausayi wallahi. Ina ne ake danna a gyara musu?"

Ta tsaya. Ta dawo da baya, ta zo har gaban teburin, ta ajiye bokitin a hankali dab da ƙafarsa, kusa da ƙosan.

"Ga na mutanen yamma, Kawu," ta ce. "Su ba sa kuka."

Ta wanke hannu a buta, ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar shi da kofi a hannu bai kai baki ba.