Malafa Ta Biyar

Shekara talatin da biyar Nadine Culpepper ta yi tana riƙe da ƙarya guda ɗaya, wadda ba ta taɓa furta wa kowa ba sai Ubangijinta. Wata ranar Talata ce a shekarar 1989, tana tsakiyar wanke-wanke, wayar gidan ta yi ƙara. Clete Haskew ne, shugaban ƙungiyar makaɗa ta 'Yan'uwa Haskew, yake neman mijinta Royce, wanda ya kaɗa musu jita mai kaurin amo shekara bakwai kafin su rabu baram-baram. Clete ya ce za a sake tayar da ƙungiyar, kuma ba ya son kowa a wannan gurbin sai Royce. A lokacin wata goma sha ɗaya ke nan da Royce ya bar giya, ga yara uku ƙanana. Nadine ta hango shi ta taga yana gyara keken 'yarsu, ta runtse ido ta ce, "Royce ya rasu. Haɗarin mota ne, watan jiya."

Tun daga nan Royce ya zauna a kan cewa abokansa sun koma hanya yawon kiɗa ba su neme shi ba. Ya zama mai gyaran tarakta, daga baya dattijon coci. In waƙarsu ta zo a rediyo sai ya murɗa tasha. Ranar da aka ba da labarin mutuwar Clete ma, da dare ya yi sai ya ce wanda bai neme shi da rai ba, ba shi da abin da zai je yi wa gawarsa.

Saboda haka gaban Nadine ya faɗi da Royce ya dawo daga asibiti, bayan aikin zuciya, ya ajiye tikiti uku a kan tebur. 'Yan'uwa Haskew za su yi wasa a bajekolin kaka na yankinsu, ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma.

"So nake in gan su sau ɗaya, Mama," in ji shi. "Daga nesa. Ba wanda ya san ni a cikinsu."

Da wannan ta kwantar da hankalinta. Na farkon duk sun mutu, sai Jarrod ɗan Clete yake jan ƙungiyar da waɗansu yara. Ta yi addu'a, ta goge masa riga, ta kira yayarta Bonita ta raka su.

Sun sami wuri a layi na tara, a kan kujerun ƙarfe masu naɗewa. Ƙamshin gasasshen nama da warin garken shanun gasa sun cika filin. Bonita ta buɗe ƙunshin dafaffiyar gyaɗa, ta soma nazarin jama'a.

"Dubi tsofaffin banza," ta ce. "Wancan mai furfurar har gadon baya, na rantse da sandar asibiti ya shigo. Bari a soma kiɗa ki ga ya manta da ita."

"Yaya, ki rage murya."

"In rage wa wa? Duk kurame ne."

Da jita uku suka tashi lokaci guda, Nadine ta ji amon a ƙashin ƙirjinta. Ta manta yadda abin yake. Mata sa'o'inta suka miƙe suna juyi, maza suna ɗaga kofunan takarda suna bin baiti. Royce bai motsa ba. Amma ta ga yatsunsa biyu na dama suna tafiya a kan gwiwarsa, ba sa kuskure ko ɗaya. Can ya sunkuyo ya ce mata a kunne, "Yaron nan yana sauri. Ba a korar wannan waƙar, binta ake yi." Ta gyaɗa kai. Ta ƙirga waƙa goma sha ɗaya, tana gode wa Allah a kan kowace da ta wuce lafiya.

Sai kiɗa ya tsaya. Ma'aikata suka fito da sandunan makirufo guda biyar, suka jera su a bakin dandamali ba kowa a bayansu. Jarrod, ƙaton mutum mai gemun ubansa, ya ɗaga hannu, filin ya yi tsit.

"Kun san al'adarmu," ya ce. "Ba ma kaɗa waƙar ƙarshe sai mun tuna da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Maza, a tuɓe huluna."

Dubban huluna suka sauka. Royce ma ya cire tasa ya ɗora a ƙirji. Aka riƙa kawo malafa ɗaya bayan ɗaya ana rataya wa sanduna, Jarrod yana kiran suna, hoton mai sunan yana fitowa a babban allo. Mai ganga. Mai fiyano. Vernon Haskew. Clete Haskew. Nadine ta kai hannu za ta riƙe na mijinta.

Malafa ta biyar baƙa ce, ta koɗe, da gashin talo-talo a gefe. Nadine ta san ta kafin a rataye ta. Ita ta soke wannan gashin da hannunta.

"Royce Culpepper," in ji Jarrod. "Tarwaɗa muke ce masa, saboda gashin bakinsa. Haɗarin mota ya ɗauke shi a 1989."

A allon ga wani saurayi siriri yana dariya, jita a wuya, ƙarƙashinsa shekarar haihuwa da ta mutuwa. Jama'a suka sunkuyar da kai. Wata mata a gabansu ta share ƙwalla.

Royce yana zaune da hularsa a ƙirji, bakinsa a buɗe, yana yi wa kansa makoki tare da mutum dubu huɗu.

Gyaɗa ta zube daga cinyar Bonita. Ta dubi allon, ta dubi mijin ƙanwarta, ta sake duban allon.

"Royce," ta ce a hankali, "ashe ka mutu ba ka sanar da dangi ba? To wane ne ya cinye min rabin kaza ranar Lahadi?"

Ba wanda ya yi dariya. Jarrod bai gama ba.

"Babana ya yi faɗa da mutumin nan, ya ajiye malafarsa shekara goma sha ɗaya yana jin nauyin kiransa. Ranar da ya kira don ya nemi gafara, matarsa ta ce masa ya makara da wata ɗaya. Har ya koma ga Allah bai daina faɗar wannan ba. In akwai wanda kuke gaba da shi, ku kira shi yau."

Aka ɗauki waƙar, a hankali, jita mai kaurin amo ita kaɗai a gaba.

Royce ya juyo. Nadine ta taɓa ganinsa a buge, ta gan shi a gadon asibiti, amma ba ta taɓa ganin wannan fuskar ba. Babu fushi a cikinta. Kamar ta mutumin da ya dawo gida ya tarar ba gidan.

"Wace matar, Nadine?"

Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin a haifi 'yarsu ta fari.

"Ni ce."

"Clete ya kira?"

"Da kansa. Ya sake kira bayan mako guda yana tambayar inda kabarin yake. Na ce dangi ba sa son baƙi."

"Ya Ubangiji," in ji Bonita, ta rufe baki da hannu. 

Nadine ta yi shekaru tana shirya hujjojinta: wata goma sha ɗaya, yara uku, daren da ta tsinto shi a buge cikin kwalbati. Duk gaskiya ne, kuma duk suna bakinta. Ta ga ba su da amfani a gaban malafar nan. Ta miƙe, ta rataya jakarta, ta miƙa masa hannu.

"Ba ni lasisinka na tuƙi."

Ya ba ta ba tare da ya tambaya ba. Ta ratsa layuka takwas na mutane masu rera waƙa ido rufe, har ta kai shingen ƙarfe. Wani mai gadi ya tare ta.

"Mama, ba a wuce nan."

"Ba wucewa zan yi ba, ɗana. In an gama, ka kai wa mai gemun can wannan. Ka ce masa matar da ta yi wa babansa ƙarya tana jiransa."

Waƙar ta yi minti goma sha huɗu, Nadine tana tsaye. Da aka gama tafi, jama'a suka soma watsewa, rana ta yi ja a bayan rumfunan shanu, sai ga Jarrod ya sauko da lasisin a hannu ɗaya, malafar a ɗaya. Royce ya riga ya iso bayanta, Bonita tana riƙe da gwiwar hannunsa.

Jarrod ya dubi tsohon tun daga takalmi har gashin baki. "Baba, kada ka ga laifina. Mutane suna zuwa mana da labarai iri-iri."

"Juya ta," in ji Royce. "Akwai lambar waya a ciki da jan biro. Ita ta rubuta min, ranar da muka haɗu. Gidan iyayenta ne, a nan muke har yau."

Jarrod ya juya malafar. Ya daɗe yana kallon cikinta, sannan ya nemi bakin dandamali ya zauna.

"Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ake rataye ta," ya ce. "Kowane gari. Na yi maka kuka, Baba, ban san iyaka ba."

"Ni na faɗa wa mahaifinka," in ji Nadine, muryarta tsaye. "Ba kuskure ba ne, ba kuma wani ya sa ni ba. Tsoro na ji kada hanya ta cinye min miji. Na hana mahaifinka abin da ya zo nema, ba ni kuma da yadda zan mayar masa. Ka yafe mini in za ka iya."

 Jarrod ya miƙa wa Royce malafar da hannu biyu, ya ce in yana so akwai jita a sama, yanzu a sake kunna fitilu. Royce ya nuna masa yatsunsa na hagu da suka kumbura, ya girgiza kai. Abu ɗaya ya tambaya, inda aka binne Clete. Jarrod ya rubuta masa a bayan tikiti.

A mota Bonita ta shige baya. Royce ya ba Nadine makulli, ya zauna da malafar a cinya. Sun wuce gonakin auduga biyu kafin ya yi magana.

"Da na amsa wayar nan, da na bi su. Da na bi su, da yau malafar nan tana inda ta dace, cikin na matattu. Na san wannan."

Ta riƙe sitiyari ba ta dube shi ba.

"Amma shekara talatin da biyar ina ƙin mutumin da yake yi mini kuka. Wannan ban san yadda zan yi da shi ba tukuna." Ya shafa gashin talo-talon da babban yatsa. "Tafiyar awa huɗu ce zuwa kabarin Clete. Gobe in an taso daga coci za ki kai ni. In mun isa, ke za ki fara yi masa magana."

"To," in ji Nadine.

Ya sa malafar. Ta yi masa yawa yanzu, ta sauko har kunnuwa, bai kuwa cire ta ba har suka isa gida.