Ranar da Mai Hannu Ta Rufe Ido

"Mu rufe ido, mu yi addu'a," in ji fasto. Duk majami'a ta sunkuyar da kai, ban da benci biyu na gaba, inda kurame goma sha ɗaya suka zuba wa Mai Hannu ido.

Shekara tara ke nan tana fassara musu sujada da maganar hannu. Wa'azi, waƙa, sanarwa, kai, har tarin fasto sai ta nuna. Addu'ar kowa ta bi ta yatsunta ta wuce, tata kuwa ko oho, don mai fassara ba ta rufe ido, ba ta haɗa hannu. A gida ma babu sauƙi: wannan a raka shi asibiti, waccan a raka ta ofis. Rabon da ta durƙusa ita kaɗai har ta manta.

Ga shi yau ƙanwarta tana ɗakin tiyata tun safe. Minti biyar kawai take so a gaban Ubangiji, amma wa zai tsaya a madadinta?

Ta ci gaba da fassara. Ta nuna "jinƙai", ya fito a karkace.

Sai Gwaggo ta miƙe, wata tsohuwar tela kurma da ko zare ɗaya ba ya kuɓuce wa idonta. Ta zo gabanta, ta tambaye ta da hannu: "'Yata, tun ɗazu hannunki yake kuka. Lafiya?"

"Ƙanwata ce, Gwaggo. Ana yi mata aiki."

"To zauna. Rufe ido."

"Wa zai fassara muku?"

Gwaggo ta harare ta. "Au, ke kika koya wa Allah maganar hannu? Tun ba a haife ki ba muke hira da shi."

Ta tura ta kan benci, ta haɗa mata tafukanta, ta tsaya a wurinta, ta shiga jan kuramen addu'a da hannu.

Mai Hannu ta rufe ido. Wayyo, daɗi! Ta kira sunan ƙanwarta, ta yi kuka son ranta, ta faɗi duk abin da ta tara shekara tara. Ba ta jin komai sai ƙarar awarwaron Gwaggo.

Fasto ya ce amin, jama'a suka buɗe ido, suka tarar tsohuwa ba ta gama ba. Babu wanda ya motsa. Da ta sauke hannu, kuramen suka buga benci gaba ɗaya, har Mai Hannu ta ji amin ɗinsu a ƙashin bayanta.

"Daga yau lokacin addu'a nawa ne," Gwaggo ta nuna mata. "Kar ki sake ki tashi."

A bakin ƙofa, tana sauri za ta asibiti, zuciyarta wasai, fasto ya tare ta.

"'Yar'uwa, me Gwaggo ta roƙa ne haka? Duk jikina ya yi sanyi."

Ta yi dariya, tana share hawaye.

"Ban sani ba, Baba Fasto. Idona a rufe yake."