Bokiti Biyu da Tokar Merapi

Duk unguwarmu a Muntilan babu wanda ya kai ni yi wa Pak Gunadi dariya, kuma ba a ɓoye nake yi ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, gajera, iyakarta ƙuguna. Duk ranar Lahadi ina gefenta ina yanka tempe, curin waken soya da muke soyawa, shi yana can yana yi wa baƙar motarsa wanka kamar jaririya. Bokiti biyu yake ajiyewa, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma. Ya cire agogo, ya cire zobe, har kan bel ɗinsa sai ya juya shi baya. Tsumman da ya faɗi ƙasa kuwa, shi da motar sun rabu har abada.

"Pak Gun," nakan ce, "yaushe ne sunan jaririyar? Ka faɗa mana da wuri mu tanadi shinkafa."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Bu Darsih, yashi ne ke karce fenti, amma ba ya tafiya da ƙafarsa. Hannun mutum ne ke jan sa."

Haka nake tsokanarsa shekara da shekaru, har ranar da ɗana Danang ya ce in shirya, za mu je Magelang neman masa auren wata malamar makaranta. Murna ta kusa kashe ni. Amma da me za mu je? A kan babur, da tiren kayan baiko a ka? Na haɗiye girman kaina, ya tsaya mini a maƙogwaro, na ƙara haɗiyewa, na zagaya gidan Pak Gunadi ta ƙofa kamar mutuniyar kirki.

Na roƙe shi aron motar. Kowa ya san tun rasuwar matarsa, Bu Rukmini, bai ƙara ɗaukar kowa a motar nan ba. Duk da haka ya ɗauko makulli ya sa mini a hannu.

"Yadda na ba ki ita, haka nake so ki dawo mini da ita," ya ce. "Kada a ƙara mata komai, kada a rage."

"In ka ga ko ƙwarzane, ka daina gaishe ni har in mutu," na ce. Bakina ne, ba ya jiran shawarata.

Ana gobe tafiya ya kawo motar tsakar gidana tana ƙyalli, ya hau bas ya tafi Semarang ganin jikarsa. Mutum da motarsa, yana bin bas!

Da safe bayan sallar asuba na ɗora jadah, wainar shinkafa mai danƙo, a tire, ina jiran gari ya waye, gari ya ƙi wayewa. Na leƙa waje. Merapi, dutsen nan mai aman wuta, ya yi tari da dare, toka tana sauka a hankali, ta rufe rufin gidaje, ta rufe ganyen ayaba. Motar Pak Gunadi ta koma fara fat, ko gilashinta ba a gani. Lantarki ya ɗauke, ke nan famfo ma ya mutu.

Ban gama salati ba na ji hayaniya a ƙofar gida. Maƙwabta ne, Allah ya saka musu, sun tuna yau ce ranar Danang. Pak Tukiman, tsohon direba, yana kan gaba da tsintsiyar gashin kazarsa, wadda yake kaɗe kowace mota da ita tun kafin a haifi Danang. Ngatini mai shago tana bayansa da tsohuwar rigar mijinta. Wasu da tsummokaran kicin, wani har da buroshin wanke ƙasa.

"Kwantar da hankalinki, Yu Darsih," Ngatini ta ce ta cikin takunkumi. "Kafin ki ɗaura zani mun goge ta tas!"

Na ɗebi tokar a kan katanga na murza tsakanin yatsuna. Ba irin ta murhu ba ce, kaifi gare ta kamar garin kwalba. Nan take na ji muryar maƙwabcina a kunnena, da zancen yashinsa da hannunsa. Ban san lokacin da na daka tsalle na tsaya gaban motar da ludayi a hannu ba.

"Duk wanda ya taɓa ta, wallahi da ludayin nan zan raba shi da yatsunsa!"

"Haba, ke kuwa," Pak Tukiman ya ce, tsintsiya a sama. "Sau ɗaya zan shafa, fuu, shi ke nan."

"Ka je ka shafa wa kanka, Pak, ya fi buƙata. Ajiye kazar nan ka kama guga."

Ashe duk shekarun nan da nake dariya, idona yana karatu. Babu abin da mutumin nan yake yi wa motarsa da ban haddace ba. Na sa aka tura ta ƙarƙashin rumfa, kowa hannunsa a kan taya ko ƙarfen baya, ba a kan fenti ba. Na sa aka buɗe rijiyar da ke bayan gidanmu, aka yi layi tun daga bakinta har gaban mota, bokiti yana bin hannu. Danang ya hau kujera da ɗaurin sarong ɗinsa, zanin maza, yana kwararo ruwa daga rufin motar, tokar tana gangarowa baƙa ƙirin, ba wanda ya sa hannu. Aka zuba, aka ƙara, aka kuma ƙarawa, har cikin lungun ƙofofi da ƙarƙashin abin share gilashi. Da baƙin fentin ya fara leƙowa, layin ya ɗauki shewa kamar an ci ƙwallo.

A but ɗin motar na samu sabulunsa da safar hannunsa mai laushi. Na ce a kawo bokiti biyu. Unguwa ta fashe da dariya.

"Jama'a, ciwon Pak Gun ya tsallako katanga!" Ngatini ta ce. "Yu, ke ma sunan za mu zo?"

"Ki cire zobenki tukuna, sannan ki yi mini surutu."

Ni ma na zare awarwarona na jefa a aljihu. Na tsoma safar a kumfa, na ja ta a miƙe daga sama zuwa ƙasa, ba zagaye-zagaye, ba dannawa. Kowane ja ɗaya sai in ɗauraye ta a bokiti na biyu, in sake komawa kumfa. Da Ngatini ta leƙa bokitin ɗaurayar ta ga yashin da ya kwanta a gindinsa, dariyarta ta ragu. Ni kaina sai da gabana ya faɗi, don da duk wannan a kan fentin zai bi.

Saura tsanewa, kuma a nan na maƙale. Tawul-tawul ɗinsa suna cikin gidansa a kulle. Nawa na gida sun sha wanki da rana har sun yi kaushi. In an bar ruwan rijiya ya bushe da kansa, tabo zai bari. Ina waige-waige sai idona ya faɗa kan tiren kayan baiko. Sabbin tawul biyu masu laushi, an naɗe su kamar agwagi biyu suna haɗa baki.

"Ibu, a'a!" Danang ya ce. "Agwagin amarya ne fa!"

"Amarya za ta yafe, fenti ba zai yafe ba. Warware."

Muka shimfiɗa tawul a kan rufi, mu ɗan dafa, mu ɗaga, mu matsa gaba, ba ja ba gogewa. Motar ta fito tana ɗaukar ido, har Pak Tukiman ya tsaya yana gyara hularsa a jikin ƙofa. Ina cikin jin kaina ya yi girma, na zagayo ƙofar gaba ta gefen fasinja. Ƙasa kaɗan da mariƙi, ga wani siririn ƙwarzane a lanƙwashe, tsawon ɗan yatsa. Kuka ya zo mini, na takaici zalla.

"Wannan ai ba komai ba ne," Pak Tukiman ya ce. Kafin in ankara ya aika an kawo man goge baki, ya matsa a yatsa. "In na murza shi, ko mai motar ba zai gane ba."

Na so in bar shi, Allah ya sani na so. Har ya kai hannu, sai na ga toka maƙale a ƙarƙashin farcensa. Na buge hannun.

"Bar shi. Gara in kai masa guda ɗaya in sha kunyata, da ka mayar mini da shi ashirin."

Haka muka tafi Magelang, an cike gurbin agwagin da 'ya'yan itacen salak. Uwar yarinyar da ta ji labarin tawul ta yi dariya har da hawaye, ta ce gidan da ake riƙe amanar maƙwabci haka, ta ba su 'yarta. Aka sa rana, aka sha shayi, Danang bakinsa ya ƙi rufuwa. Ni ma na yi murna, amma rabin zuciyata tana waje, a jikin ƙofar mota.

Washegari da hantsi Pak Gunadi ya sauko daga bas, ko gidansa bai shiga ba, ya faɗo tsakar gidana da jakarsa a kafaɗa. Ya ji labarin toka tun a Semarang. Na shirya jawabina tsaf, amma bai kalle ni ba, bai kalli rufin ko gaban motar ba. Kai tsaye ya nufi ƙofar nan, ya tsuguna.

"Pak Gun, ni dai ban san wanda ya yi ba, amma a hannuna take, don haka..."

"Alhamdulillahi," ya ce a hankali. "Yana nan."

Na sunkuya na ƙara duban ƙwarzanen.

"Awarwaron Rukmini ne," ya ce, idonsa a kan ƙofar. "Ranar da na kai ta asibiti, jiri ya ɗebe ta, ta dafa nan. Ba ta dawo a motar ba. In fentin ya cika da ƙwarzane, dole a kai a goge shi gaba ɗaya da inji, nata ya bi sauran. Duk hanya ina tsoron wani mai taimako ya murje mini shi."

Na tuna yatsan Pak Tukiman da man goge baki, tsigar jikina ta tashi. Na tuna duk sunan jaririyar da na sha tambaya ta kan katanga. Sai hawaye suka zubo mini.

Ya miƙe ya zagaya motar sau ɗaya a cikin rana, yana karkata kai. "Wa ya koya miki bokiti biyu?"

"Wani mahaukaci ne a unguwarmu," na ce ina share ido.

Da Lahadi ta zagayo ina gefen katanga da tempe, ban tsokane shi ba. Ya jera bokitansa, ya cire agogo, sannan ya miƙo mini tiyo ta kan katangar. Na zare awarwarona na ajiye kusa da wuƙa, na karɓa.